Barnaba Kafinta da Doguwar Addu'arsa

A shekarun da Turawa suka gama kafa duwatsun iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransi, aka aiko wani kafinta Illela don ya yi wa sabon bariki ƙyamare da tagogi. Sunansa Barnaba. Ya taho da matarsa Tabita, da akwatin kayan aikinsa, da wata murya wadda in ya ɗaga ta ana jin sa har bakin kasuwa. Su biyun a gidan mishan na Lakwaja suka tashi, inda ake renon yaran da aka fanso daga hannun masu bayi. Can aka yi musu baftisma, can ya koyi zarto da guduma, can kuma ya gan ta tana shanya wanki ya ce shi ya ga mata. Ba wanda ya san ainihin garin da aka kamo kowannensu, har su kansu. Hausa ce dai a bakinsu, sai 'yar Nufanci in suna son gulmar mutum a gabansa.

Wani fatoma mai suna Maccido, wanda fataken fatu da kanwa ke sauka gidansa tsakanin Ƙonni da Sakkwato, shi ya ba su wani sashe can ƙarshen gidan kusa da rijiya. Ranar da suka sauka, mahaifiyarsa Inna Lubabatu ta tako da sandarta ta zo kallo, don an gaya mata Nasara ne amma baƙaƙe, ita kuwa ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ta dubi Tabita sama da ƙasa, ta kama hannunta ta juya.

"To ke ai mutum ce kamar kowa," in ji ta. "Kin iya tuƙin tuwo?"

"Na iya, Inna."

"Shi ke nan, sauran duk mai sauƙi ne."

Daga ranar suka ƙulla. Tabita ta zama 'yar ɗakin Inna, tana yi mata tsifa, ita kuma tana koya mata yadda ake dama fura ta yi kauri irin ta mutanen arewa.

Su biyu ne kaɗai Kirista a garin, amma wannan bai sa Barnaba ya rage ko ɗaya daga cikin ƙa'idodin sujada ba. Ranar Lahadi, wadda kuma ita ce ranar kasuwa, sai ya sa farin kwat ɗinsa, ya shimfiɗa wa Tabita tabarma, ya tsaya a gabanta ya yi gyaran murya ya ce, "'Yan'uwa ƙaunatattu." Tabita takan waiwaya ta duba ko wani ya shigo. Babu kowa sai kaji. Daga nan ya kama waƙa, shanun da ake kora wa kasuwa suna amsa masa ta bayan katanga.

Addu'arsa kuwa aba ce mai tafiya. Yakan faro ta daga halittar duniya, ya bi ta kan annabawa ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe da Sarkin Ingila, ya sa wa malaman Lakwaja albarka da sunayensu, kafin ya iso kan abin da ya kawo shi. Kuma ya yarda da ita ƙwarai, don a ganinsa bai taɓa roƙon abu ya rasa ba. Ya roƙi sana'a ya samu, ya roƙi Tabita ya samu, ya roƙi aikin gwamnati ga shi a Illela.

"Addu'a kamar haɗa ƙyaure take," yakan ce mata. "In kin auna daidai, dole ta shiga."

Ita Tabita ba ta iya dogon zance da Allah ba. Tata addu'ar ba ta wuce numfashi biyu, shi ya sa Barnaba ke kiranta gaisuwar wucewa. Ba ta musu da shi. Takan ce amin a wuraren da ya dace, wani lokaci ma a wuraren da bai dace ba, ko ya gane ya taƙaita.

Da damina ta zagayo, idon Barnaba ya fara ƙaiƙayi. Ya ce garin katako ne. Sai ya fara ganin abu kamar ta cikin hayaƙin murhu, ya ce rana ce ta yi yawa a ƙasar nan. Wata safiya ya fito zaure, ya tsaya, ya rusuna ya gaishe da tarin fatun da aka jibge a kusurwa, har da tambayar gajiya da lafiyar iyali. Maccido, wanda ke zaune a ɗaya gefen, ya bari sai da ya gama sannan ya ce, "Lahiya lau, Kafinta. Su ma fatun suna gaishe ka." Fatake suka kwashe da dariya, Barnaba ma ya yi. Tabita, da ke bayansa ɗauke da tulu, ta yi dariyar tare da su, amma kafin ta kai rijiya dariyar ta gudu daga bakinta. Ta tuna jiya ya miƙa hannu zai ɗauki guduma ya kama iska.

Barnaba bai tsorata ba. Ya ɗauki abin kamar wani aiki ne da aka ba shi. Da farko ya ƙara wa addu'ar tsawo. Da ido bai washe ba, ya ƙara mata ƙarfi, har jakan fatake suka daina firgita da ita. Sai ya shiga azumi, ya rame, ya zama mai saurin fushi. Sai ya bar cin goro, wanda a wurinsa ya fi azumin wuya. Daga baya ya yi wa Allah alkawari: in ido ya warke, zai gina ɗakin sujada a Illela da hannunsa, ya jera masa bencina har bakin ƙofa.

"Wa zai zauna a kansu, Malam?" Tabita ta tambaye shi.

"Ke ba ki da bangaskiya."

"Ina da ita. Amma benci ɗaya ya ishe ni."

Inna Lubabatu ta kawo kwalli, ta kawo ruwan bagaruwa, ta kawo wata saiwa da wata Bafilatana ta rantse a kanta. Tabita ta gwada duka. Da kaka ta yi, Maccido ya ba su jakai biyu, ya haɗa su da ayarin da zai tafi Sakkwato, don a nuna wa likitan Turawa. Likitan ya ɗaga fatar idon, ya haska da wani ɗan madubi, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi magana da tafinta, tafinta ya sunkuyar da kai ya ce cutar ta ci can ciki, babu maganinta a akwatinsu, kuma abin da ya rage na gani ma zai tafi a hankali.

A hanyar dawowa Barnaba ya ce, "Likita ya faɗi nasa. Saura Ubangijin likita."

Tabita ta so ta yarda da shi. Ita ma tana roƙo, a tafe, a zaune, a bakin murhu. Amma kullum gari ya waye sai ta ga ya ƙara matso da hannunsa kusa da fuska kafin ya gane yatsunsa.

Ba a daɗe ba aka aiko wani kafinta daga Sakkwato ya karɓi aikin bariki. Tare da shi aka zo da wani akawu mai zagayen iyaka, Mista Koli, mutumin Ikko, Kirista, mai hular kwano da agogon aljihu. Da ya ji akwai ɗan'uwa cikin ciwo ya zo dubiya. Barnaba ya yi murna kamar ya ga ɗan uwarsa. Aka ba baƙo kujera, aka durƙusa, ya yi addu'a da Turanci, ya maimaita da Hausarsa mai tangal-tangal. Da aka tashi, ya dafa kafaɗar Barnaba.

"Allah ba ya hana ɗansa abu," ya ce. "In ka roƙa bai ba ka ba, biyu ne. Ko akwai zunubi da ka ɓoye, ko bangaskiyarka tana yoyo. Ka bincika."

Tabita tana daga madafa tana ji. Ta dubi miyar da take haɗa wa baƙo, ta dubi ƙwaryar barkono, ta zuba da hannu biyu. Mista Koli ya ci saboda kunya, hawaye na zuba, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa kwalar rigarsa, yana cewa abinci ya yi daɗi. Bai sake dawowa ba.

Amma maganarsa ta zauna. Barnaba ya shiga tonon kansa kamar mai neman allura a rumbu. Ya tono duk abin da zai iya tunawa, ƙanana da ƙanana, ya tuba a kansu, ya sake tuba don ko na farko bai kama ba. Ido bai canja ba. Sannan wata Lahadi Tabita ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko masa farin kwat, ya ce ta mayar. Ya zauna a gindin bango, ya juya fuska gabas inda yake ɗan ganin hasken rana, ya yi shiru. Shirun nan ya ci Lahadi, ya ci mako, ya shiga wata.

Gidan ya zama wani iri. Tabita, wadda ta sha fatan a taƙaita mata addu'a, sai ta ga ashe shirun ya fi nauyi. Inna Lubabatu ta tare ta a bakin rijiya.

"Ɗiyata, mi as samu mijinki? Kwana biyu ba mu jiya muryatai ba. Ni da ita nike sanin lokacin tatsar awaki."

"Ya gaji, Inna."

"Ko dai ya yi hushi da Ubangijinai?"

Tabita ta ja guga ta juye a tulu.

"Ni ban san addininku ba," in ji Inna. "Amma na binne ɗiya huɗu, Maccido kaɗai ar rage min. Na san irin shirun ga. Kada ki bar shi cikinai shi kaɗai."

Washegari da hantsi Tabita tana daka gero a tsakar gida, Barnaba na zaune a inda ya saba. Ta ɗauka barci yake. Tana dakan tana magana, kamar yadda ta saba yi in ba kowa, kowace kalma na faɗuwa tare da taɓarya.

"Ubangiji, ga ni kuma. Raina a ɓace yake, ka sani. Mutumin nan bai yi maka komai ba sai surutu. Idonsa nake so, ban canja ba. In ba za ka bayar ba, ni ban gane dalili ba, kuma ba zan ce na gane ba. Amma kada ka tafi ka bar mu a garin mutane. Geron nan ma ya kusa ƙarewa."

"Tabita."

Ta tsaya da taɓarya a sama.

"Da wa kike magana haka?"

"Da Allah."

"Da Allah kike magana kamar kina yi wa mai nama ciniki?" Ya gyara zama, karon farko cikin makonni da ta ga ransa ya motsa. "Ba yabo, ba godiya, ba komai? Ki ce masa ranki a ɓace yake?"

"To ba a ɓace yake ba? In na ce masa lafiya lau, wa na yaudara?"

"Ba haka aka koya mana ba."

Ta jingine taɓaryar, ta zo ta zauna kusa da shi, ta kakkaɓe dusa daga zaninta.

"Malam, ka san a hanya aka raba ni da uwata. Ita aka yi gaba da ita, ni aka bar ni a Lakwaja. Da aka koya mana addu'a, abin da na fara roƙa ke nan, a dawo min da ita. Duk jirgin da ya tsaya a bakin Kwara sai na gudu na duba masu sauka. Har na yi girma, har ka zo kana min kallon wanki. Ba ta zo ba."

"Ba ki taɓa gaya min kina roƙon wannan ba."

"Yaushe ka bar fili?"

 Ta ga gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Wane zunubi yarinya ƙarama ta ɓoye da za a hana ta uwarta?" ta ci gaba. "Ni dai ban samo shi ba. Na yi fushi, na gaya masa na yi fushi. Na yi kuka, na gaya masa. Ban daina zuwa ba, shi ke nan abin da na iya. Wata rana in tashi da sauƙi, wata rana babu. Kuma kai da kanka ka karanta min cewa Yesu ya roƙa a lambu a ɗauke masa abin da ke gabansa. An ɗauke?"

"Ba a ɗauke ba."

"Bangaskiyarsa ce take yoyo?"

"Kul, Tabita."

"Tambaya na yi. Ya faɗi abin da yake so a fili, bai yi kwana-kwana ba. Sannan ya bar wa Uban. Kai kuwa ka auna, ka sake aunawa, ƙyaure bai shiga ba, sai ka jefar da guduma ka ƙi yi wa maigidan magana."

Barnaba ya daɗe yana murza gwiwarsa. Can ya ce, a hankali, da wata murya da ba ta san yana da ita ba, "Tsoro nake ji. Ban san abin da makaho ke yi da yininsa ba."

"To ka gaya masa haka."

"Haka kawai?"

"Haka kawai."

Ya buɗe baki, ta ga alamar zai faro daga halittar duniya, ta dafa hannunsa. Ya haɗiye. Ya ce, "Ubangiji, Barnaba ne. Tsoro nake ji." Ya tsaya yana jiran sauran, sauran bai zo ba. Hawaye ne suka zo. Tabita ta ce amin, wannan karon a inda ya dace, ta zauna tare da shi har kaji suka gano turmin da ta bari a buɗe, ta tashi da gudu tana korarsu.

Idon bai warke ba. Kafin wata damina hasken gabas ɗin ma ya tafi. Amma muryar ta dawo, ko da yake ba kullum da ƙarfinta na da ba. Wata safiya ya yi waƙa, wata safiya ya ce, "Yau ba ni da abin cewa, ga ni dai," ya zauna. Kowace rana kuwa sai ya roƙi idon. Tabita ta tambaye shi ko bai gaji ba, ya ce ai ita ta koya masa naci.

Wata ranar kasuwa Maccido ya shigo sashensu da wani Buzu dogo mai suna Maharazu, ɗauke da sirdin raƙumi wanda ƙafarsa ta gaba ta tsage. Ya dire shi a gaban Barnaba.

"Kafinta, ga aiki. Baƙona na, gobe shina son komawa Ƙonni."

"Maigida, ba'a kake yi? Ka kai wa na bariki."

"Na kai mai. Ya ce shi ƙyamare aka aiko shi yi, bai san raƙumi ba."

"Ni ma ban san raƙumi ba. Kuma ba na gani."

"Idonka ac ciwo, ba hannunka ba," in ji Maccido. Ya ja baƙonsa suka fita, suka bar sirdin.

Barnaba ya zauna yana huci, yana cewa an raina shi. Tabita ta ci gaba da tankaɗe. Bayan ɗan lokaci ta ga hannunsa ya miƙa, don ya ture sirdin ne wai. Hannun ya sauka a kan tsagar, ya tsaya. Yatsun suka bi ta daga sama har ƙasa, suka koma.

"Wannan ba ƙusa yake so ba," ya ce, kamar da kansa yake. "Sai an sassaƙa masa sabuwar ƙafa. Ina akwatina?"

Akwatin yana ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe shi. Ta jawo. Nan fa aka fara wani irin aiki da Illela ba ta taɓa gani ba: shi ke da hannu, ita ke da ido, kuma ba su yarda da juna ba ko kaɗan.

"Ya miƙe?"

"Ya karkata hagu."

"Hagunki ko haguna?"

"Hagun raƙumi."

"Raƙumin yana ina, Tabita?"

Ya sare yatsa, ta ɗaure masa. Ta riƙe katako a karkace, ya yi mata faɗa kamar ɗan koyo, ta ce in ya ƙara za ta koma tankaɗenta ya nemi kaza ta riƙe masa. Kafin la'asar suka gama. Maharazu ya ɗaura sirdin, ya hau, raƙumi ya miƙe, sai ga Buzu ya zame gefe guda yana riƙe da wuyan dabba, rawaninsa na warwarewa. Mutanen zaure suka yi ta dariya. Tabita ta raɗa wa Barnaba abin da ya faru, ta ɗauka zai ji kunya. Sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Na gaya miki hagun nan akwai magana. A sauko da shi."

Aka sauko da shi, ya shafa, ya rage ɗaya ƙafar da gizago, aka mayar. Wannan karon Buzu ya zauna daram. Ya zagaya fili, ya dawo, ya ce wani abu da harshensu wanda Maccido ya fassara da cewa ya gode, ko da yake Tabita ta ga kamar ya fi haka tsawo.

Daga nan aiki ya riƙa zuwa, ba da yawa ba, amma yana zuwa. Sirdi, akwatin amare, kujerar tsugunno, marfin rijiya. Gwamnati ta aiko a tambaye su ko suna so a mayar da su Lakwaja, suka yi shawara, suka ce a bar su. Can ba su da kowa, nan kuwa akwai Inna. Da Inna Lubabatu ta kwanta ciwon ajali, Tabita ce ke juya ta, tana ba ta kunu a ludayi. Ta roƙa mata sauƙi, sauƙin bai zo ba. Ranar da aka kai ta, Barnaba ya sa aka ja shi zuwa zaure, ya zauna a ƙarshen tabarma cikin masu karɓar gaisuwa, bai ce uffan ba yini guda. Maccido ya ce daga baya, duk cikin masu ta'aziyya ba wanda ya ji daɗin zamansa kamar Kafinta.

Bayan wasu shekaru, wata rana da azahar, wani baƙo ya yi sallama a ƙofarsu. Mutumin Dahome ne, sunansa Kosi, yana aikin gyaran wayar tangaraho a ɓangaren Faransi. Matarsa ta rasu wajen haihuwa a Ƙonni, ita da jaririn, ba limamin addininsu a kusa, shi kaɗai ya binne su da taimakon maƙwabta. Wani a kasuwa ya gaya masa akwai Kirista a Illela, shi ne ya tako da ƙafa. Hausarsa kaɗan ce. Ya zauna a kan wani guntun katako, yana juya hularsa.

"Na roƙa," ya ce. "Na roƙa sosai. Ta mutu. Yanzu in na durƙusa, baki ba ya buɗe. Baba, ka koya min yadda zan yi."

Tabita, daga bakin madafa, ta ga mijinta ya ja dogon numfashi, ƙirjinsa ya cika, irin cikar da ta sani tun Lakwaja. Ta riƙe ludayi tana jira. Sai ta ga ya sake numfashin a hankali. Ya lalubo kafaɗar baƙon.

"Ni ma na roƙi ido, ɗana, har yau da safe. Ga ni yadda ka gan ni. Ban san dalilin nawa ba, balle in san na naka, kuma duk wanda ya ce maka laifinka ne, kada ka saurare shi. Me ke bakinka yanzu? Ko kalma ɗaya ce."

Kosi ya ajiye hularsa. Sannan ya ce, "Afiwa."

"Sunanta ke nan?"

"I."

"To faɗa masa. Mu muna nan."

Suka durƙusa su uku a cikin garin katako. Mutumin ya faɗi sunan, ya sake faɗa, ya ci gaba da faɗa har muryarsa ta karye, daga nan ya koma harshensu, maganar ta ɓalle masa kamar ruwa. Ba su ji ko kalma ɗaya ba. Da ya yi shiru suka ce amin.

Tabita ta dama masa fura, ya sha, ya yi barci a inuwar zaure kamar wanda aka doka. Ya kwana biyu a wurinsu, yana riƙe wa Barnaba katako, Tabita ta samu hutu. Da zai koma, Maccido ya haɗa shi da masu kanwa don kada ya yi hanya shi kaɗai. Ya tambaya ko zai iya dawowa wani lokaci, Barnaba ya ce ya zo duk ranar da ya ga dama, amma ya taho da igiya mai ƙarfi irin ta Faransi, don ta rijiyarsu ta kusa tsinkewa.